Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawa, malamai, 'yan uwa mambobi maza da mata, na gida da waɗanda neman abinci ya kai Kano da Abuja, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini rubuta abin da ƙungiyarmu ta taimakon juna ta yi a ƙauyukanmu na bakin kogin Haɗeja, a yankin Auyo. Lissafin kuɗi da adadin buhuna yana takardar ma'aji, za a karanta a taro. Nan bayanin aiki ne.

Bana yunwa ta riga ruwa isowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Duk wanda ya je awo Gujungu ko kasuwar Haɗeja bai buƙaci a karanta masa wannan ba. Abin da ya rufa mana asiri shi ne geron da dawar da muka tara a kakar 2023, daga gudummawar mambobi, da zakkar amfanin gona da wasu manoma suka damƙa wa ƙungiya, da wanda aka saya lokacin yana da araha.

Kun tuna gardamar da aka yi da azumi ya kama a watan Maris. Da yawa sun nemi a buɗe rumbu a raba, kuma suna da hujja, domin akwai gidajen da sai ruwa suke buɗe baki da shi. Kwamiti ya ƙi. Aka yi rabon azumi da kuɗin da 'yan uwa na birni suka aiko, aka haɗa da zakkar fidda-kai, aka bar rumbu a rufe sai Yuli. An sha yi mana baƙar magana a kan haka. Amma manomi ya san lokacin da ya fi tsanani shi ne tsakiyar damina, hatsin bara ya ƙare, na bana yana gona, ga noma yana neman ƙarfi. Da an raba a Maris, da marka ta same mu hannu wofi.

Ruwa kuwa ya zo a Agusta. Ambaliyarmu ba baƙuwa ba ce, kuma ba ruwan sama kaɗai ke kawo ta ba. Kogin yana ɗauko ruwa tun daga Kano, inda madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa, ta 1992, suka sauya masa tafiya. Tun da ruwa ya daina ƙafewa da rani, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin da yake bi zuwa Nguru. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan da bai samu hanya ba sai ya juyo gonaki. A cikin kachalar nan ne kuma tsuntsun jan-baki ke kwana, ya wayi gari a kan shinkafarmu. Abin da muka gani a 2022, shekarar da ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a faɗin ƙasar nan, shi ya sa bana da jin hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, muka kira gayya tun farkon damina. Matasa suka ɗaga jinga da buhunan yashi, aka kwashe hatsin ƙungiya zuwa ɗakin ajiya a kan tudu, wake kuma aka zuba shi a buhunan PICS masu hana iska shiga, ba tare da maganin ƙwari ba. Jingar ta karye a wuri guda, shinkafar fadama ta nutse, wasu ɗakunan ƙasa sun zube, amma hatsin bai jiƙe ba.

Tallafi ya zo daga waje, muna godiya, Allah ya saka. Sai dai irin wannan tallafi sai an yi ƙidaya, an rubuta, an jira hanya ta buɗe kafin ya iso. Makonnin farko, lokacin da mutane ke kwana a azuzuwan makaranta, hatsinmu ne aka ɗora a kwalekwale.

Babban gyaran da aka yi a rabo daga iyayenmu mata ya fito. A da sunan magidanci muke rubutawa. Suka ce gida guda yana iya ƙunsar tukunya huɗu, har da ta bazawara mai marayu da ta tsohuwar da ɗanta ya tafi ci-rani bai aiko ba, kuma in an bai wa mai gida buhu ba lallai ya isa kowace ba. Aka koma ƙidayar tukunya, mata suka shiga gida-gida, masu unguwanni suka tabbatar. Sunayen da suka fito wasunsu ba su taɓa shiga takardarmu ba. Wasu magidanta sun ji haushi, suna ganin an tsallake su. A ganina kada mu koma tsohon tsari.

Matan nan dai su ne suka koyi auna damtsen yara da ma'aunin nan mai launi uku. Yaron da ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an tura shi asibiti neman maganin tamowa. Na rawaya kuma an koya wa uwarsa haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa.

Da ruwa ya janye, ragowar kuɗi ya tafi kan irin alkama da na albasa da tumatir ga waɗanda damina ta cinye. Abin da ke kashe noman rani yanzu man injin ban ruwa ne, shi ya sa matasa ke neman ƙungiya ta sayi mai amfani da hasken rana a riƙa karɓa-karɓa.

Ran wanka ba a ɓoyon cibi: rabin hatsin da aka fitar rance ne, za a mayar da kaka, kuma har yanzu rumbu bai koma yadda yake ba. Wanda ruwa ya cinye gonarsa kwamiti ya ba da shawarar a ɗaga masa zuwa girbin alkama. Amma akwai waɗanda geronsu na jigawa ya yi kyau, mun ga damman, ba su kawo ba. Ba za a kira suna a nan ba. Ma'aji yana karɓa kullum bayan la'asar.

Taro Lahadin farko ta Janairu ne. Za a yanke hukunci kan jinkirin bashi da sayen injin, da kuma ko za a ƙara gudummawar kaka tun hatsi bai sake tashi ba. Na nesa su aiko da ra'ayinsu ta WhatsApp kafin ranar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya