Godiya Ga Ma'aikatan Da Suka Zaɓa Mini Fitilar Rainon Shuka

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na rubuto ne in gode wa kamfaninku da na sayi fitilar LED ta rainon shuka a wajensa, musamman baiwar Allahn da ta ɗauki wayata a sashen kula da masu saye. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a, don abin da ta yi mini ba kowane ɗan kasuwa ke yin sa ba.

Ɗakin da nake ajiye tukwanen shukata taga ɗaya gare shi, ita ma rana ba ta leƙo ta sai da yamma. Tumatir da latas ɗin da na shuka sun tsiro, amma sai suka yi ta miƙewa sirara kamar zare, fari-fari, duk sun karkata wajen tagar, wasu har sun kwanta a bakin tukunya. Kafin nan na sayi wata fitila mai hasken shunayya a wani wuri, an rubuta wat 1000 a kwalinta, ba ta tsinana mini komai ba. Shi ya sa na kira ku da niyyar ɗaukar mafi girman fitilar da kuke da ita.

Ba ta ambaci ko fitila ɗaya ba sai da ta tambaye ni abin da nake shukawa, da faɗin wurin, da inda na rataye tsohuwar. Sannan ta ce, "Malam, juya bayanta ka karanta mini ƙaramin rubutun." Ashe wutar da take ja ba ta kai wat 100 ba, lambar kwalin talla ce kawai. Ni kuma na ƙara da rataye ta can jikin silin, inda hasken ke watsewa kafin ya iso ganye.

Cikin haƙuri ta bayyana mini cewa lumen, da ake auna hasken fitila da shi, awo ne na hasken da idon mutum ke gani, ido kuwa ya fi jin kore da rawaya. Ita shuka tana haɗa abincinta da hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 a awon launin haske, wato daga shunayya zuwa ja, kuma sinadarin da ke sa ganye kore ya fi shan shuɗi da ja. Don haka abin dubawa shi ne PPFD, wato yawan hasken da ke sauka a kan ganye kowace daƙiƙa. Ta turo mini taswirar kowace fitila, mai nuna ƙarfin hasken a tsakiya da gefe. Wannan taswira ta burge ni, don ba a ɓoye cewa gefe ya fi rauni ba.

Daga ƙarshe ƙarama ta zaɓa mini, fara mai ɗan sirkin ja, mai makunnin rage haske da farantin alminiyon da ke shanye zafi. Ta ce in saukar da ita kamar santimita 45 daga ganye, in haɗa ta da agogon da zai kunna ta awa 14 zuwa 16 ya kashe, saboda shuka ma tana bukatar duhu.

Yanzu karan tumatir ɗin ya kai kaurin fensir, da 'yan gashinsa, ganyen latas kuma ya buɗe ya yi kore shar. A ƙarƙashin farin hasken nan ne ma na hango wasu ƙananan ƙwari maƙale a bayan ganye, abin da hasken shunayya ya ɓoye mini, na wanke su tun ba su yaɗu ba.

Roƙona ga shugabannin kamfanin, don Allah a isar mata da godiyata, a kuma sanar da ita tumatir ya fara fure. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naku,
Wani mai rainon shuka a ɗaki