A daina haɗa Inka da Aztek da Maya a kwando ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum. Wallahi abun na damuna yadda ake cakuɗa mutanen nan kamar gari ɗaya suke. Aztek a Meziko suke, Maya kuma kudancin Meziko zuwa Gwatemala, su kam suna da rubutu harda sifili a lissafinsu. Amma ni Inka na Peru sun fi burgeni, ba rubutu ba doki, igiya kawai suke ƙullawa su san yawan jama'a da hatsin rumbu, ga hanyoyi cikin tsaunuka, 'yan saƙo na gudu wannan ya miƙa ma wancan har Kusko, babban birninsu. A 1532 Pizarro, jagoran mayaƙan Sifen, ya kama sarkinsu Atahualpa, aka tara mai zinari cike da ɗaki don fansar sarkin, duk da haka ya kashe shi. Abun tausayi.