A Koya wa Masu Injin Casa a Karkara Riƙe Littafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana kan wani al'amari da ba a cika kawo shi ba idan ana zancen ƙananan sana'o'i a karkara, wato yadda mai sana'a yake riƙe lissafinsa da yadda yake isar da saƙo ga masu hulɗa da shi. Ni tsohon malamin firamare ne, kuma tun da na yi ritaya nake zama a injin casar shinkafa na ƙanina a wani ƙauye da ke yankin Kura ta Jihar Kano, ina riƙe masa littafi.

Wanda ya san yankin nan ya san cewa shinkafa ce ran jama'a, albarkacin ruwan madatsar Tiga da ake noman rani da shi. Abin da baƙo ba zai lura da shi ba shi ne, yawancin masu kawo mana aiki mata ne masu gumin shinkafa, wato turara ta, a cikin gida, kuma ba su ke zuwa da kansu ba, yara suke aikowa da buhu a baro. Ke nan mai kaya tana gida, mai inji yana shago, maganar da ke tsakaninsu kuwa tana bakin yaro ɗan shekara goma wanda hankalinsa ke wajen ƙwallo. Daga nan yawancin rigingimu ke tasowa. A da ƙanina da ka yake riƙe komai, har ranar da buhunan gidaje biyu suka cakuɗe, mijin ɗaya daga cikin matan ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka rasa shaidar da za a kafa, ƙarshe dai ƙanin nawa ya biya kwano takwas daga aljihunsa, kuma duk da haka gidan ba su sake kawo mana aiki ba.

Gyaran da muka yi bai ci kuɗin kirki ba. Kowane buhu ya shigo sai a auna shi a gaban ɗan aike, a rubuta masa lamba a jiki, sannan a shigar da lambar cikin littafi tare da sunan gidan, da yawan kwano, da kuɗin casa, da ko an biya ko bashi ne. Har ɓuntu da dusa ana rubuta wanda zai ɗauka, domin su ma sukan haddasa zargi. Yaro yakan koma gida da ƴar takarda mai ɗauke da wannan bayani.

Amfanin littafin ya ƙara fitowa a 2023. A watan Fabrairu, lokacin ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi, mutane suka koma tiransifa, wani ya nuna maka waya ya ce ya tura alhali alat bai shigo ba sai bayan kwana biyu, ko ma ya ƙi shigowa. Wanda bai rubuta sunan mai turawa da rana ba, ya yi asara. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu na shekarar, kuɗin sufuri da na kayan gyara suka tashi, dole kuɗin casa ya sauya. Masu injin da suka ƙara kuɗi ba tare da sanarwa ba sun jawo wa kansu baƙin jini, domin babu abin da ke ɓata wa mace rai kamar ta aiko yaro da kuɗin da ta saba biya a koro mata shi. Mu mukan rubuta sabon farashi a allo a ƙofar shago, da boko da ajami, kwana uku kafin ya fara aiki, sannan mu kira magidanta ko mu tura musu saƙon murya ta WhatsApp. Haka muke yi idan inji ya lalace sai an je Kano neman kayan gyara, don kada wadda ke shirin cin kasuwa gobe ta kwana tana jiran shinkafar da ba a taɓa ba.

Kirana ga hukumomi irin su SMEDAN, mai kula da bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta ƙasa, da KNARDA, mai kula da bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Kano, da ƙungiyoyin masu inji, shi ne su haɗa duk wani rance ko tallafi da horo na kwana ɗaya ko biyu kan riƙe littafi, a yi shi da Hausa, a kuma yarda da ajami ga waɗanda suka yi karatun allo. Malamanmu ma suna da rawar takawa, domin aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi, amma har yau a ƙauyukanmu idan ka buɗe littafi za ka rubuta sunan mai cin bashi sai ya ce ba ka yarda da shi ba ne. Idan liman ya yi bayanin ayar a huɗubar Juma'a, mai shago zai samu bakin cewa maƙwabcinsa ya tsaya a rubuta.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu daga yankin Kura, Jihar Kano.