Takardar Koke Kan Tikitin Kakar Wasa a Filin Sani Abacha

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni na Jihar Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, mu da muka sa hannu a wannan takarda magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars ne daga unguwannin Ƙofar Mata da Yakasai da Fagge da Gwale da Dala da Kurna, kuma a cikinmu akwai 'yan kasuwar Kwari da Singa, da teloli, da direbobin adaidaita-sahu, da malaman makaranta, da ma'aikatan gwamnati. Muna miƙa kokenmu gare ka ne domin ƙungiyar mallakar gwamnatin jiha ce, filin da take wasa a Ƙofar Mata shi ma na jiha ne, saboda haka ofishinka ne ya fi cancanta ya saurare mu.

Abin da ya tara mu shi ne maganar tikitin kaka, wato mutum ya biya kuɗi sau ɗaya a farkon kakar wasa ya riƙa shiga duk wasannin gida har ta ƙare. An daɗe ana tafka muhawara a kansa a majalisunmu, wasu na cewa sauƙi ne, wasu na cewa asarar kuɗi ce. Bayan mun zauna mun auna, matsayarmu ita ce muna son wannan tikiti, amma ba zai cancanci kuɗinsa ba sai an rubuta sharuɗɗan da za su kare mai saye, kuma babba a cikinsu shi ne a mayar masa da kuɗin duk wasan gidan da aka hana shi kallo ba da laifinsa ba.

Ranka ya daɗe, lissafin a fili yake. Ƙungiyoyi 20 ne ke buga gasar Firimiya ta Najeriya, kowace tana da wasanni 38, 19 daga ciki a gidanta. Bari mu ɗauki misali kawai, ba farashin da muke nema ba: idan kuɗin ƙofa naira 1,000 ne, wanda bai fasa wasa ko ɗaya ba zai kashe naira 19,000 a kaka. Idan aka sayar masa da tikitin kaka a kan naira 15,000, sai ya halarci wasanni 15 kafin ya mayar da kuɗinsa, ribarsa duka tana cikin ragowar huɗun ne. To, waɗannan huɗun ba su da wuyar salwanta. Akwai wasannin tsakiyar mako da ake take su da ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da ɗan kasuwa ba zai iya rufe shago ba, ma'aikaci kuma bai tashi ba. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a tsakiyar kaka, kuma ba kowane magidanci ne zai zauna a rana har kusan shan ruwa ba. Ga ɗaurin aure, ga jana'iza, ga tafiyar fatauci. Duk waɗannan uzurin mai tikiti ne, ba mu nemi kowa ya biya mu su ba. Damuwarmu ita ce wasannin da mai tikiti ya shirya tsaf zai je, sai ya tarar an kulle filin ko an kai wasan wani gari.

Wannan ba zato muke yi ba, abu ne da ya faru a idonmu har sau da yawa. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an mayar da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 200. Da ta dawo gida a watan Afrilun 2022, a wasanta da Katsina United aka yi hatsaniya, hukumar gasar ta ci ta tara, ta kuma tura ta Abuja, mai nisan sama da kilomita 400. A waccan kakar aka rage mata maki, a ƙarshe ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta hauro. A watan Oktoban 2025 kuma, bayan wasanta da Shooting Stars, wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili, aka sake cin ta tara, aka cire mata maki uku da ƙwallaye uku, aka mayar da wasanninta na gida Katsina. Duk wanda ya biya kuɗin wasanni 19 a farkon ɗaya daga cikin waɗannan kakanni, ba tare da wani alkawari a rubuce ba, ya yi cinikin biri a sama. A misalin da muka bayar, wasa biyar kacal za a ɗauke daga Kano ya zama mai tikitin kaka ya fi mai biya a ƙofa asara, alhali shi ne ya nuna wa ƙungiyar yarda tun kafin a take ƙwallo.

Kada a ce ai zai iya bin ƙungiyar duk inda aka kai ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Katsina da dawowa ya ninka kuɗin ƙofa sau da dama, ban da abinci da dawowar dare. Mafi ƙarancin albashi a jiharmu naira 71,000 ne, kuma da yawan masu cika filin nan ba su ma da albashi, abin da suka samu yau shi za su ci yau. Mutumin da ya ware kuɗin kaka guda daga irin wannan samu ya riga ya yi iya ƙoƙarinsa.

Saboda haka muna roƙon ma'aikatarka ta umarci hukumar gudanarwar ƙungiyar da ta rubuta a jikin tikitin, da Hausa da Turanci, cewa kowane wasan gida yana da kasonsa daga kuɗin da aka biya, kuma idan aka buga shi a wajen Kano ko ba 'yan kallo, za a mayar wa mai tikiti wannan kaso ta asusunsa na banki, ko a rage masa shi daga tikitin kaka mai zuwa idan haka ya zaɓa. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniyar ƙwallo. A Ingila, inda su ma wasannin gida 19 ne a gasar Firimiyarsu, da aka ƙarasa kakar 2020 ba 'yan kallo, ƙungiyoyi sun mayar wa masu tikitin kaka kuɗin wasannin da suka rage, ko suka ajiye musu shi zuwa kaka ta gaba. Mun san ƙarfin aljihun ƙungiyoyinsu ba ɗaya ba ne da namu, amma mayar wa mutum kuɗin abin da ba a ba shi ba bai danganci arziki ba, hakki ne wanda addininmu da al'adar kasuwancin Kano suka riga suka sani.

Za a iya ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗa, ai magoya baya ne da kansu ke jawo wa ƙungiyar hukunci, don me za a biya su? Ba mu zo wanke kowa ba. Jifan alƙalin wasa da fasa motar baƙi abin kunya ne ga garin da ya yi suna da karɓar baƙo, kuma mu ne muka fi kowa jin zafinsa, domin mu ake kulle wa fili. Amma masu aikata hakan 'yan tsiraru ne, kuma abin da ke ba su ƙarfin hali shi ne sanin cewa babu wanda ya san sunansu. A nan ne tikitin kaka zai yi amfanin da ya wuce na kuɗi. Idan aka haɗa shi da suna da hoto da lambar waya da lambar kujera, duk wanda aka gani ya yi jifa ko ya tsallaka shinge an san inda za a same shi, a soke tikitinsa ba tare da mayar masa da ko kwabo ba, a kuma miƙa shi ga hukuma. Mutanen da suka saba zama layi ɗaya mako bayan mako sukan san juna, dattijon da ke cikinsu kan tsawatar wa yaro kafin dutse ya bar hannunsa. Mun yarda a rubuta wannan sharaɗi a kanmu da tsauri daidai da yadda muke neman a rubuta na mayar da kuɗi.

Sai maganar ƙofa. Wanda ya taɓa zuwa babban wasa ya san yadda bakin fili yake kasancewa daga ƙarfe biyu: rana ta take, masu sayar da ruwan leda da rake da gyaɗa sun jeru, layi ya miƙe, ana gab da take wasa kuma sai jama'a su taso gaba ɗaya, layin ya watse, mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, mutum ya ɗaga tikitinsa sama da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana dafe da aljihun da wayarsa take. Dattawa da yawa da suka ga ɗaukar kofin 2008, suka ga yadda aka fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka ta 2009, suka kuma ga kofuna uku a jere daga 2012 zuwa 2014, sun daina zuwa, ba don sun daina son Masu Gida, wato Kano Pillars, ba, sai don jikinsu ba zai ɗauki wannan turereniya ba. Idan mai tikitin kaka zai shiga wannan cunkoso kamar kowa, ya isa ciki ya tarar wani ya zauna a wurinsa, to bai sayi komai ba. Muna roƙon a ware wa masu shi ƙofa guda, a sa wa kujerun ɓangarensu lamba, a kuma tanadi wurin alwala da salla kusa da su, tun da lokacin wasa yakan haɗu da La'asar.

Game da farashi, ba mu yanke adadi ba, mun bar wa masu lissafi. Abin da muke nema shi ne rangwamen ya zama na gaske, a bayyana farashin kowane ɓangare na fili kafin a fara sayarwa, kuma a yarda a biya shi kashi biyu ko uku, domin mai sana'ar hannu ya fi iya biya kaɗan-kaɗan. A duba ɗalibai da masu buƙata ta musamman. A kuma halatta wa mai tikiti ya ara wa ɗansa ko ƙaninsa ranar da ya sami uzuri, muddin an rubuta sunan mai aron tun farko.

Ƙungiyar ma za ta amfana. Tun da aka kafa ta a 1990, mafi yawan nauyinta a wuyan gwamnati yake, alhali tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tara 'yan kallo a ƙasar nan. Kuɗin tikitin kaka yana shiga ne a dunƙule tun farko, lokacin da ake sayen 'yan wasa da shirin tafiye-tafiye, kuma idan ta banki aka biya shi, kowace naira tana da shaida. Don haka muna ƙara roƙon a riƙa sanar da jama'a yawan tikitin da aka sayar da abin da aka tara a ƙarshen kowace kaka. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya tafi ba sai an roƙe shi ya sabunta ba.

Ranka ya daɗe, muna neman a ba wakilanmu dama su zauna da jami'an ma'aikatarka da hukumar gudanarwar ƙungiyar kafin a buɗe sayar da tikitin kaka mai zuwa, domin a tattauna waɗannan sharuɗɗa a kuma fitar da su a rubuce. Mun haɗa sunayenmu da unguwanninmu da sa hannunmu a takardun da ke biye da wannan. Allah ya taya ka riƙo, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Daga magoya bayan Kano Pillars mazauna birnin Kano da kewaye.