Wasiƙa daga Leeds, kan ƙyallayen da 'yan mata suka sa wa suna

Leeds, Ingila

Assalamu alaikum, ƙawalli.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna? An ce min ƙafar ta ɗan lafa, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da duhu. A wannan watan kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, mutum ya idar da isha'i ya duba agogo ya ga dare ko somawa bai yi ba.

Kin tambaye ni me nake yi da idona har na koma sa tabarau. Bayanin ya fi ƙarfin saƙon murya, kuma akwai alfarmar da zan nema a wajenki, shi ya sa na zauna na yi miki shimfiɗa.

Ɗinki nake yi, amma ba irin na tela ba. Ɗinkin gicciye ne: ki ja zare a karkace, ki dawo ki gicciya wani a kansa, ya ba ki ɗan mitsitsin X. Iyakar ɗinkin ke nan. Wahalar tana wajen ƙirga. Yadin fari fat yake zuwa, ba a zana masa komai. Zanen yana kan takarda mai gida-gida, kowane gida ɗinki ɗaya ne, kowace alama launi ɗaya ce, ke kuma ki dinga ƙirga zaren saƙar yadin kina soka allura inda lissafi ya kai ki. Allurar ma dakusasshiya ce da gangan, don ba a so ta huda zaren yadin, so ake ta bi ta ƙofar da ke tsakani. Masu koyo suna farawa da wani yadi da ake kira Aida, mai ramuka a bayyane, 14 a kowane inci. Wadda ta ƙware sai ta koma lilin mai zare 32 ko 36 ko 40 a inci, tana tsallake zare biyu-biyu. A kan mai 40 ɗin, inci ɗaya tsawo da faɗi yana cin ɗinki 400. To kin ji asalin tabarau.

Zaren da aka fi amfani da shi na kamfanin DMC ne, wanda aka kafa a garin Mulhouse na Faransa tun 1746. Yana zuwa da sili shida a murɗe, ki zare ɗaya ko biyu ki yi aiki da su. Kowane launi da lambarsa: 310 baƙi, 321 ja. Saboda haka mace tana Japan wata tana Kanada, takarda ɗaya za su bi su fitar da abu iri ɗaya sak. Masu kuɗi kuwa da alharini suke yi, ni dai sai kallo.

Abin da ya kama ni ba furanni da kyanwoyi ba ne da ake sayarwa a kanti. Tsofaffin ƙyallayen koyon ɗinki ne, waɗanda a nan ake kira samfula. Asalinsu, kafin a fara buga littattafan zane, in mace ta ga ado a rigar wata ya burge ta, sai ta kwaikwaye shi a kan wani dogon ƙyalle, ta naɗe ta ajiye cikin kayan ɗinkinta don gaba. Kuma ba Turawa ne kaɗai ke yi ba. A gidan kayan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan akwai irinsu daga Masar, na zamanin sarakunan Mamluk, waɗanda suka girmi duk na Ingila, akwai kuma na Maroko. Na Ingila mafi tsufa mai ɗauke da shekara shi ne na Jane Bostocke, 1598. Ta ɗinka sunanta, ta ɗinka ranar haihuwar wata jaririya 'yar'uwarta, Alice Lee, 23 ga Nuwamba 1596, har da cewa ranar Talata ce da rana. Ta sa masa lu'ulu'u da zaren ƙarfe, ga ɗan kare da abin wuya a sama.

Daga baya abin ya koma aikin makaranta, ya zama allon 'yan matansu. Yarinya 'yar shekara tara ko goma za ta jera haruffa daga A zuwa Z, ta jera lambobi, ta ɗinka gida da itatuwa da tsuntsaye, da 'yar waƙar wa'azi, sannan a ƙasa ta rubuta sunanta da shekarunta da shekarar da ta gama. A tsofaffin za ki ga sau da yawa babu J, wani lokaci babu U, don a lokacin I da V ne ke tsaya musu. 'Ya'yan masu hali sun yi da alharini, an sa a firam an rataye a falo. 'Ya'yan talakawa kuwa neman abinci suke koya. A garin Bristol, gidan marayun George Müller, wanda ya riƙe marayu fiye da 10,000 a rayuwarsa, ya fitar da ƙyallaye masu jan zare zalla, an cushe su da haruffa layi bayan layi, ƙanana har sai kin kanne ido. Yaran aikatau za su tafi, kuma aikin 'yar aiki ne ta sa wa kowane zanin gado da tawul harafin sunan masu gida da lamba, don kada su ɓace a wajen wanki. Ƙyallen shi ne shaidar da za ta nuna cewa ta iya.

Akwai guda ɗaya da nake so ki sani, ko da ba za ki taɓa riƙe wannan allurar ba. Na wata ce Elizabeth Parker, haifaffiyar ƙauyen Ashburnham a 1813, ta yi shi wajajen 1830. Babu fure, babu gida, babu ado ko ɗaya. Rubutu ne kawai da jan alharini, kalmomi sama da 1,600, kowane harafi an gina shi da 'yan gicciye. Ta fara da cewa tunda ba ta iya rubutu ba, za ta faɗi abin da ke ranta a sauƙaƙe, kamar mai magana da aminin da ta yarda da shi. Sai ta ba da labarin yadda ta bar gida tana 'yar shekara 13 ta tafi renon yara, yadda a wani gidan aka zalunce ta har aka jefo ta daga kan matakala, yadda ta ɓoye wa kowa, yadda ta yi ta saƙa kashe kanta, tana roƙon gafarar Ubangiji. Rubutun ya yanke a tsakiyar ƙyalle, a kan tambayar me zai faru da ranta, ƙasan ya tsaya fari. Ki tuna harafi ɗaya yakan ci ɗinki goma sha wani abu. Wannan ba kukan da aka yi cikin dare ɗaya ba ne, watanni ta yi tana ƙirga shi. An daɗe ba a san makomarta ba, sai bincike ya gano ta rayu, ta zama malamar makaranta a ƙauyensu, ta rasu a 1889. Akwai masu kwaikwayon irin wannan, amma ni hannuna ba zai iya ba. Sirrin yarinya ne, bai kamata ya zama adon bangona ba.

To, abin da muke yi shi ne sake ɗinka waɗannan ƙyallayen. Wata za ta sayi na asali a wajen gwanjo, ko ta nemi izinin gidan tarihi, ta zauna da gilashin ƙara girma tana ƙirga ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da shi kan takarda ta sayar. Mu kuma mu saya mu ɗinka. Kina ganin kamar babu abin gardama a nan, ko? Ai ba ki zauna da tsofaffin matan da muke haɗuwa da su ranar Laraba ba.

Gardama ta farko launi ce. Gaban ƙyallen ya sha haske shekara ɗari biyu, ya koɗe ya zama ruwan ƙasa-ƙasa mai sanyi, wanda shi mutane ke so. Amma ki juya bayansa, sai ki ga ja jawur da ruwan hoda mai ihu, wato ainihin abin da yarinyar ta zaɓa. Kafin 1856, lokacin da aka gano rinin kimiyya na farko, da itatuwa da ƙwari ake rini. Kore kuwa sai an haɗa shuɗin baba da rawaya, rawayar ta riga gudu, shi ya sa za ki ga ciyawa da ganye shuɗaye a tsofaffin ƙyallaye. Baba dai baba ne, ko a marinar Ƙofar Mata ko a Yorkshire, ba ya saurin sakin yadi. Baƙin alharini kuma da ƙarfe ake rina shi, ƙarfen ya cinye zaren, sai ramukan allura su rage, da su ake gane abin da aka rubuta. Ni ina bayan masu bin launin baya. Yarinyar ba ta zauna ta ɗinka tsohon abu ba, sabo ta yi, mai ƙyalli. Masu tsoma lilin cikin ruwan shayi ko kofi don ya yi kama da tsoho kuwa, ban ga dalili ba. In Allah Ya ba shi kwana zai tsufa da kansa.

Ta biyu kuskure ce. Yarinya ta juya N ta baya, ko fili ya ƙare mata ta ɗora harafin ƙarshe a saman layi, ko gefen dama ya fi na hagu da ɗinki uku. Wasu suna gyarawa. Ni ba na taɓawa. In kin bi lissafinta har kika iso inda ta ruɗe, kina jin ta a hannunki: nan ta gaji, nan zaren ya ƙare mata ta ci gaba da wani jan daban, nan malama ta tsaya a kanta aikin ya miƙe. In an gyara, ƙyalle ne mai kyau kawai, yarinyar ta fita daga ciki. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ki bar mata sunanta da shekararta, ke kuma ki sa harafin sunanki da taki shekarar a wani lungu, kada wata rana a sayar wa wani a matsayin na asali.

Na san abin da ke ranki. Eh, da yawansu suna ɗauke da ayoyin Baibul, wasu har da surar Annabi Adamu da Hauwa'u a gindin itaciya. Waɗannan ba na ɗinka su, kuma ba wadda ta taɓa tambayata dalili. Wanda ke hannuna yanzu na makarantar Ackworth ne, ta Kiristoci mabiya ɗariƙar Kwaka, da aka buɗe a 1779 kusa da Pontefract, nan bayan garinmu. 'Yan matan can sun shahara da wasu tambura masu kusurwa takwas, cikakku a tsakiya, rabi-rabi a gefe, da furanni a ciki. Da launi ɗaya nake yin sa, shuɗi mai duhu.

Yanzu ga inda na dosa. Har a Saliyo, 'yan matan makarantun mishan sun yi irin ƙyallayen nan tsakanin shekarun 1820 da 1840, wasu sun tsira da sunayensu a jiki. Mu fa? Hannun da ya fitar da aska takwas a babbar riga, ko ya cika hula da ɗinki har ba a ganin yadin, ba ya jin kunyar kowace Jane. David Heathcote, da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, a kan ɗinkin tufafin Hausawa ya yi digirinsa na uku. Amma ki ga rigunanmu a gidajen tarihin nan, za a rubuta ƙasa da ƙarni, wajen sunan mai aiki kuwa shiru. Malamin da ya zana, da wanda ya ɗinka, da matan cikin birnin Zariya da ke aikin riga a tsakar gida, duk sun wuce ba suna. Balle zannuwan gado da rigunan filo da iyayenmu suka yi wa kansu na ɗaki, waɗanda ba wanda ya ɗauka tarihi ne.

Kin tuna zanin gadon Inna mai tsuntsaye da tukunyar fure, wanda take ajiyewa a ƙasan akwati sai da sallah? Shi nake so. Ba ki aiko min ba, Allah Ya kiyaye, hoto kawai. Ki shimfiɗa shi a inuwa da hantsi, ki ajiye tef ɗin tela a gefensa, ki ɗauki gaba dayansa, sannan ki matso ki ɗauki kowane tsuntsu shi kaɗai. Ki juya ki ɗauki bayan ma, nan launin gaskiya yake. Don Allah kada ki wanke shi, kada ki sa masa dutsen guga, ko da kin ga tabo. Nata ɗinkin zanawa aka yi aka bi, ba na ƙirga ba ne, don haka sai na zauna na mayar da shi gida-gida, kuma lanƙwasar wuyan tsuntsun za ta ba ni aiki. Zan yi dai.

Sannan ki zauna da ita ki kunna rikodar waya. Wa ya koya mata? A ina take sayen zaren? Me suke kiran kowane zane? In ba ta tuna shekarar ba, ki tambaye ta wa ke sarautar Zazzau a lokacin, ko goyon wa take yi, za mu lissafa. Ina so in sa cikakken sunanta a ƙasa, da boko da ajami, amma sai ta yarda. Na san ke bakinki ba zai iya faɗar sunan ba, sai ki sa autarku ta rubuto min.

Akwai mai tahowa Kano bayan hutun makaranta, zan ba ta ɗan yadin Aida da allura biyu da zare ta kawo wa babbar 'yarki, tare da takardar haruffa mai sauƙi. Ki ce mata kada ta ƙulla zaren a baya, ta cusa jelarsa ƙarƙashin ɗinkin farko, kuma duk gicciyen su kalli gefe ɗaya. In kin samu mai zuwa nan, kuka da daddawa sun ƙare mana.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida maigidan da yara da duk mutanen gida. Baban yara yana gaishe ku.

Wassalam,
Taki har kullum,
Ƙawarki ta Leeds