Bayan Tiyatar Sankarar Dubura, Da Sauran Aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka saboda masu sankarar dubura, don da yawa suna zaton da an rufe jakar bayan gida da ake maƙala musu a ciki bayan tiyata, magana ta ƙare.

Dubura, ƙarshen babban hanji mai tsawon kusan santimita 15, ita ce ma'ajiyar bayan gida. In an yanke ta, ana ɗinka hanjin sama da abin da ya rage, a fito da ƙaramin hanji ta jikin ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka, don ɗinkin ya samu ya warke. Abin tsoro na farko shi ne yoyon ɗinkin, galibi a makon farko: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon ciki, ko mugunya a bututun da aka sa a ciki don fitar da ruwa. Wannan kan sa a koma ɗakin tiyata a wanke ciki, wani lokacin jakar ta zama ta dindindin. In komai lafiya, ana rufe ta bayan mako 8 zuwa 12, bayan hoto ya nuna babu yoyo.

Daga nan wata wahalar ke farawa. Ma'ajiya ta tafi, jijiyoyi sun taɓu, musamman ga wanda aka gasa wa sankarar da hasken na'ura. Mutum zai shiga bayi sau uku ko huɗu cikin awa guda, iska ta kuɓuce masa a sahun salla, kunya ta hana shi faɗa wa likita. Mu ma ma'aikatan tiyata da laifinmu, ba ma yawan tambaya. Sauƙi kan zo cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ko da yake hanjin ba ya komawa yadda yake.

Da izinin likita, a sha loperamide, maganin tsayar da gudawa, miligiram 2 rabin awa kafin cin abinci, kada ya wuce miligiram 16 a yini. A rage yaji, wake, maiƙo da lemon kwalba, a ci kaɗan-kaɗan. Shinkafa da ayaba suna ɗaure bayan gida. A riƙa matse dubura kamar mai riƙe tusa, daƙiƙa 10, sau 10, sau uku a yini. In abin ya faskara, ma'aikatan jinya suna koyar da wankin hanji ta dubura da ruwan ɗumi, rabin lita zuwa lita ɗaya. Maganin basir na 'yan talla mai sa gudawa, a yi nesa da shi.

Wanda har yanzu yake da jaka, a zafin Zariya na Maris da Afrilu, in abin da ke fita ya haura lita ɗaya da rabi a yini, ya sha ruwan gishiri da sukari, ya garzaya asibiti kafin ƙoda ta taɓu.

Naka,
Wasu ma'aikatan sashen tiyata, Zariya