Wasiƙa daga Yamai kan fim ɗin masu kwance nakiya

Unguwar Bukoki, Yamai

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, ina sanar da kai cewa wasiƙarka ta iso, kuma mutanen gida duk suna gaishe ka. Ka tambaye ni ko mutanenmu sun san fim ɗin nan na sojojin Amurka masu kwance bama-bamai a Iraƙi, wanda ake kira The Hurt Locker, a nan kuwa aka fi saninsa da Démineurs, tun da ka ce abokan aikinka na can sun raba dare suna gardama a kansa. An haska shi a unguwarmu kwanan baya, kuma abin da na ji daga bakin masu kallo ya sha bamban da gardamar da ka ba ni labari.

Wani maƙwabcinmu malamin makaranta ne yake kafa majigi a tsakar gidansa daren Asabar bayan sallar isha'i, a haska a jikin bango, kowa ya zo da tabarmarsa. A daren akwai samarin fadar shan shayi da ke bakin titinmu, da matan gidan da maƙwabtansu, da dattawa kaɗan, cikinsu har da wani tsohon sajan da ya yi ritaya daga rundunar injiniyoyin soja, da wani direba da ya daɗe yana jigilar fasinja a hanyar Torodi da ke jihar Tillaberi. Kafin a fara, Malam ya yi ɗan bayani cewa labarin yana faruwa ne a Bagadaza a 2004, kuma ɗan jaridar da ya rubuta shi, Mark Boal, ya zauna tare da wata tawagar masu kwance bam a can a wannan shekarar, amma a ƙasar Jodan aka ɗauki fim ɗin, inda ƴan gudun hijirar Iraƙi suka fito a matsayin mutanen gari. Da ya ƙara da cewa mace ce, Kathryn Bigelow, ta ba da umarni, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar shida a 2010, har ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwanin ba da umarni, sai samarin suka hau gunaguni cewa ashe fim ɗin soyayya aka tara su kallo. Ba a yi minti goma ba suka yi tsit, lokacin da bam ɗin farko ya tashi da shugaban tawagar yana sanye da rigar kariyarsa.

Daga fitowar Sajan James, wanda ya maye gurbin mamacin, samarin suka ba shi zuciyarsu gaba ɗaya. Sun yi tafi a inda ya ja wata waya da hannunsa, manyan harsasan igwa suka taso daga cikin ƙasa suka kewaye shi, sun kuma yi ihu a inda ya tuɓe rigar a gaban mota shaƙe da bama-bamai, ya yar da na'urar da abokansa suke yi masa magana ta cikinta. Da ya faɗa wa wani kanar cewa bama-bamai 873 ya kwance, wani yaro a bayana ya ce, "Wallahi wannan shi ne namiji!" Ban ga laifinsu ba, domin irin jarumin da suka saba gani ke nan a finafinan Indiya da na Amurka, mutum guda wanda doka ba ta hawa kansa kuma mutuwa take kunyarsa.

Tsohon sajan bai ce uffan ba sai da aka kunna fitila aka kawo shayi. Sannan ya dubi yaron nan ya ce, "Ɗana, da wannan mutumin a ƙarƙashina yake, da ba zai sake kwana a rundunar ba." Shi ya yi aiki a arewa a zamanin tawayen Abzinawa na 2007 zuwa 2009, lokacin da nakiyoyin da ake binne wa motoci suka hana bin hanyoyin jihar Agadas, har garin Iferuwan ya kusa zama kufai. Ya bayyana mana cewa a wannan sana'a ba a kusantar abin da ake zargi sai an rasa kowace dabara. Da farko a kori jama'a a killace wurin, a hana amfani da wayar salula a kusa, a jira, in akwai na'ura mai tafiya da kanta a tura ta. In dole sai mutum ya je, to shi kaɗai zai je, da na'urar gano ƙarfe da siririn tsinke, yana rarrafe yana tsokanar ƙasa a karkace taƙi bayan taƙi, don kada ya danna abin ta sama. Wayar da aka gani kuwa ba a jan ta da hannu. Ƙugiya ake maƙala mata da doguwar igiya, a koma bayan mafaka a ja. Ya ce sau da yawa ma ba a kwance komai, sai dai a ɗora ɗan abin fashewa a gefe a tarwatsa nakiyar daga nesa, kuma kullum ana ɗauka cewa akwai ta biyu da aka ɗana wa masu kawo ɗauki. Rigar nan da nauyinta ya haura kilo 30 tana tare ɓaraguzai, amma ba ta hana ƙarfin iskar babban bam ya dagargaza cikin mutum. Ya rufe da cewa a aikinsu sannu ba ta hana zuwa, kuma gwanayen da ya sani duk masu tsoro ne.

Ka ga ke nan bakinsa ya zo ɗaya da na tsofaffin sojojin Amurka da yawa, waɗanda tun fitowar fim ɗin suka koka cewa ba a barin mutum uku su yi ta yawo su kaɗai cikin dare a lungunan Bagadaza, kuma mai kwance bam ba ya rikiɗa ya zama maharbin ɓoye a hamada. Wannan ita ce gardamar abokan aikinka, ko fim ɗin ya yi wa sojan gaskiya ko bai yi ba, amma a tsakar gidan Malam ba ta daɗe ba.

Direban ne ya karkatar da hirar. Ya ce shi duk tsawon fim ɗin bai ga kansa a cikin rigar nan ba, a cikin tasin nan ya ga kansa, wato inda wani mai tasi ya faɗo cikin wurin da aka killace, James ya ɗora masa bindiga a goshi, daga baya sojoji suka finciko shi suka kwantar da shi a ƙasa. Ya ce fim ɗin bai taɓa gaya mana ko mutumin ɗan tada ƙayar baya ne ko kuwa mai neman abincin iyalinsa ne da ya ɓata hanya ba, kuma babu wanda ya koma ta kansa. Daga nan ya shiga ba mu labarin yadda ake tuƙi a hanyoyin jihar Tillaberi tun da aka fara binne bama-baman haɗin gida, yadda direba yake ɗora tayarsa daidai kan sawun motar da ta riga shi, idonsa yana kan duk inda launin ƙasa ya canza ko aka ga alamar tono, da yadda fasinjoji suke daina hira da zarar an bar kwalta, ba ka jin komai sai ƙarar carbi da salati. Ya ce abin da aka binne ba ya tantance motar soja da motar ƴan kasuwa ko amalanken jaki, kuma mai amalanke ba shi da riga ba shi da na'ura.

Wannan magana ta tono abin da dattawan ba su manta ba, kai ma kana nan lokacin. A watan Disamba na 2007 nakiyoyi sun tashi a cikin garuruwan Maraɗi da Tawa, sannan a watan Janairu na 2008 wata ta tashi da motar Abdou Mahamane, shugaban gidan rediyon R&M, a unguwar Yantala a nan Yamai, ya rasu. Na tuna yadda masu motoci suka riƙa gudun lungunan da ba su da kwalta, da yadda zargi ya faɗa kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, saboda rawaninsu ko harshensu kawai. A nan ne nake da ƙorafi a kan fim ɗin, kuma ya fi na tsohon sajan nauyi a wurina. Gwanintar fim ɗin ita ce ya sa mai kallo a cikin hular sojan, ya ji numfashinsa, ya riƙa duban kowane mutum da ke kan soro ko bakin taga ko riƙe da waya a matsayin wanda zai iya danna maɓalli. An yi hakan da fasaha ƙwarai, har ni da nake wannan magana gabana ya faɗi a wurare da dama. To amma mu da muke zaune a kan tabarmin nan, in irin wannan ta faru a titinmu, mu ne mutanen bakin tagar, kuma fim ɗin ya shafe sama da awa biyu yana koya mana tsoron kanmu, alhali ba a bar ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya yi magana mai tsawo ba.

Matan sun lura da wannan tun kafin mu. Wuri guda ne kawai suka yi shewa, inda James ya haura katanga cikin dare ya shiga gidan wani farfesa da bindiga, matar gidan ta taso masa da faɗa da duka ta kore shi waje. Hajiya, mahaifiyar Malam, ta ce ita kaɗai ce mai hankali a fim ɗin. Inda kuwa aka nuna magidancin da aka ɗaura wa bam da kwaɗuna, yana roƙo yana cewa yana da iyali, James ya yi iya yinsa ya kasa, ya ba shi haƙuri ya gudu, wasu daga cikinsu sun rufe fuska da mayafi, kuma da mutumin ya ɗaga kai yana kalmar shahada sai na ji ana amsawa a hankali daga bayan tabarma.

Ƙarshen fim ɗin bai samu karɓuwa ba. Na san a can ana yaba wurin da James ya koma gida ya tsaya a babban kanti ya rasa abin da zai ɗauka, sannan ya sake komawa fagen fama na wasu kwana 365, ana cewa ya nuna yadda yaƙi yake kama mutum kamar ƙwaya. Tsohon sajan ya yarda cewa akwai irin waɗannan, ya ce ya san waɗanda zaman gida ya gagare su bayan sun dawo daga daji. Matan kuwa ba su ga komai ba sai mutumin da ya bar matarsa da jariri ya tafi da ƙafarsa ba tare da an tilasta masa ba, samarin ma jikinsu ya yi sanyi, domin sun so a ƙare da nasara.

Ka ce akwai wani ɗan Iraƙi a wurin aikinku wanda bai sa baki a gardamar ba. In kun saba, kuma ka ga ba zai sosa masa rai ba, ina so ka tambaye shi ko ya kalli fim ɗin, ka rubuto mini abin da ya ce game da mai tasin, domin direban ya roƙe ni in ji masa. Ka gaishe da uwargida da yara.

Wassalam,
Amininka na Bukoki